Daga Ina Mai Labari Yake Samo Tsironsa?

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tanut da na Balbeji, da duk ƙauyuka da rugagen da ke bakin kwarin Tarka. Manomi da ke gyaran rumbu, sannu da aiki. Makiyayi da ke bakin rijiya, sannu da ƙoƙari. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, sannunku da hidima.

Yau a kan tsiro za mu yi magana. Ba hatsi ba, ba wake ba. Tsiron da ba a taɓa shuka shi a gonar kowa ba. Shi ne wanda mai tatsuniya yake ƙagowa da bakinsa, ko marubuci da alƙalaminsa, ya dasa shi a wata duniyar da babu ita, ya ba shi aikin yi. Wani yana tayar da majinyaci. Wani yana mayar da tsoho saurayi. Wani yana sa wa sarki ƙarfin damisa.

Tambayarmu ita ce, daga ina mai labari yake samo irin wannan tsiro? Amsar da sharhin nan ya tsaya a kanta gajeriya ce. Tsiron ƙage daga tsiron gaske yake fitowa. Wanda bai san na gaske ba, nasa na ƙage ba zai yi rai ba. A riƙe wannan magana, domin za mu yi ta komawa gare ta.

Bari mu fara da nesa, sannan mu dawo gida.

A ƙasar da yau ake kira Iraƙi, an tono wasu alluna na laka masu ɗauke da labarin wani sarki, Gilgamesh. Labarin ya haura shekara 3000. Tsoron mutuwa ne ya kama sarkin nan bayan amininsa ya rasu. Aka kwatanta masa wani tsiro mai ƙaya a ƙarƙashin teku, wanda ke dawo wa tsoho da ƙuruciyarsa. Ya ɗaura duwatsu a ƙafafu, ya nutse, ya tsinko shi. A hanyarsa ta komawa gida ya tsaya wanka a wani tafki. Maciji ya ji ƙamshin tsiron, ya lallaɓo ya ɗauke shi. Yana tafiya ya yi saɓa, ya bar tsohuwar fata a ƙasa. Sarki ya zauna ya yi kuka.

Ku lura da kayan da aka haɗa labarin da su. Ƙaya, ƙamshi, da maciji mai saɓa. Babu ko ɗaya da mai labarin bai gani da idonsa ba a ƙasarsu.

A Indiya kuma, littafin Ramayana ya kawo wani tsiro mai suna sanjiwani. An ji wa wani jarumi mummunan rauni a fagen yaƙi. Aka aiki wani mai suna Hanuman zuwa duwatsun Himalaya ya samo ganyen kafin gari ya waye. Da ya isa, ya kasa bambanta shi da sauran ganyaye. Sai ya tumɓuke dutsen gaba ɗaya ya kawo. Rashin sanin ganye ne ya ɗora masa wannan kaya. Labarin ya shiga zukatan mutanen ƙasar ƙwarai, har a shekarar 2016 gwamnatin jihar Uttarakhand ta ba da sanarwar za ta kashe kuɗi a nemo tsiron a cikin duwatsu.

Su ma Larabawa masu rubuta littattafan abubuwan al'ajabi ba a bar su a baya ba. Sun ba da labarin tsibirin Waƙwaƙ, inda wata bishiya ke yin ƴaƴa masu siffar mutane, suna rataye a rassa, suna kuka. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya ya ci karo da sunan tsibirin.

Na kusa-kusa shi ne fim ɗin Black Panther na 2018, wanda samarinmu da yawa suka kalla a waya. An ƙago wata ƙasa a Afirka, aka sa mata suna Wakanda. A cikinta akwai wani tsiro mai ƙyalli. Ana daka shi, a ba sarki ya sha, ya sami ƙarfi, ya kuma gana da magabatansa. Akwai mutanen da aikinsu kawai kula da lambunsa. Da abokin hamayya ya ƙwace sarauta, sai ya sa aka cinna wa lambun wuta, don kada wani ya sake sha bayansa. To, daka ganye, da jiƙa shi, da ba wa mutum a ƙwarya ya kurɓa, ai wannan kowane gida a ƙasarmu ta Damargu ya san shi. Ƙyallin kawai masu fim suka ƙara.

Yanzu ga inda zancen zai ɗan karkata. Akwai tsirran da duniya ta ɗauka na almara ne, ashe suna nan a bayan gidajenmu.

Ɗaruruwan shekaru da suka wuce, Turawa sun yarda akwai wata shuka a can tsakiyar Asiya da ke haifar ɗan rago. Wai yana manne da kara ta cibiya, yana cin ciyawar da ke kewaye da shi, in ta ƙare ya mutu. An rubuta shi a littattafan matafiya, an zana hotonsa. Masu bincike da yawa daga baya suka ce auduga ce tushen labarin. Mutanen da ulun tumaki kawai suka sani, da aka gaya musu akwai shukar da ke ba da zare fari mai laushi, sai suka sa mata rago a kai.

Na biyun ya fi kusa da mu. A ƙarni na farko na Miladiyya, wani marubucin tarihi, Yusufus, ya yi bayanin ƙasar mutanen Annabi Luɗu, a bakin wani teku mai gishiri. Ya ce akwai wasu ƴaƴan itace a wurin, masu kyau a ido, kai ka ce na ci ne. Amma da zarar an tsinka, sai su watse su zama hayaƙi da toka. Wannan magana ta yi ta yawo a Turai shekara da shekaru. Mawaƙa suka yi amfani da ita, masu wa'azi suka buga misali da ita. A 1838 wani Ba'amurke mai bincike, Edward Robinson, ya je wurin ya duba. Abin da ya tarar, jama'a, tumfafiya ce.

I, tumfafiyar nan da ke tsaye a kowane kufai da kowace gajiyayyiyar gona daga Tanut har Dakoro. Duk wanda ya yi ƙuruciya a nan ya san ɗanta. Kore ne, a kumbure, cike da iska. A matsa shi ya fashe, fus. A ciki babu abin ci, sai ƴan zaruruwa da ƙwayoyi masu farin gashi da iska ke kwashewa. Baƙo ya gani ya ce hayaƙi da toka. Ɗan gida kuwa ya san abin da ya fi haka. Ya san farin ruwanta mugu ne ga ido, shi ya sa uwa ke tsawata wa yaro in ya karya reshe. Ya san itacenta ba shi da nauyi, gara ba ta cika cinsa ba, don haka ake rufin ɗaki da shi. Maharban da sun san gawayinta na shiga haɗin albarushi. Fulanin Benin da na kudancin Nijeriya suna daskarar da madara da ita su yi cuku. Manomi kuma in ya ga ta yi yawa a gona, ya san ƙasar ta gaji.

Kun ji ko? Tsiron ƙage daga tsiron gaske yake fitowa. Kuma sau da yawa na gasken ya fi na ƙagen yawan labari.

To, mu dawo gida, mu shiga tatsuniya.

A 1913 wani Bature, Rattray, ya buga tatsuniyoyin da wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana. A ciki akwai ta wata ƴar kabewa da yarinya ta nace sai an tsinko mata. Aka kai ta gida. Kabewa ta yi ta girma, ta fara neman nama. Ta haɗiye dabbobin gidan, ta juya kan mutane, sai da aka fasa ta kowa ya fito. Me ya sa kabewa, ba wani abu ba? Duk wanda ya ga yadda yaɗonta ke hawa danga ya rufe ɗaki cikin ƴan makonnin damina, ya san inda tsoron ya samo asali. Abu ne da kake kwana ka tashi ka ga ya ƙaru.

Haka kuka da tsamiya. Tun kaka da kakanni ana cewa gidajen iskoki ne, ana hana yara zama ƙarƙashinsu da tsakar rana ko da almuru. Ƴan'uwanmu Abzinawa kuma suna da tasu bishiyar, wadda suke kira agar, mu kuma mu ce jiga. A wurinsu mazaunin aljanu ce, da yawa ba sa yarda su kwanta a inuwarta haka kawai. Amma jigar nan ita ce mata ke tsinkar ganyenta, su dafa, su zubar da ruwan ɗaci, su yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Raƙumi ma yana son ta. Bishiya ɗaya, ana tsoronta, ana kuma ci daga gare ta. Marubucin da ke neman abin mamaki, ga shi nan a bakin hanya.

Kafin mu ci gaba, mu tuna irin ƙasar da muke ciki. Tarka tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani. Kwarinsa ya ratsa ta Balbeji, ya bi ta ƙasar Dakoro, ya gangara Madawa. Damargu kuwa a da ita ce rumbun Abzin. A nan ayari ke ɗaukar hatsi, a kai Bilma da Fashi, a dawo da gishiri da dabino. A 1961 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kudu gona, arewa kiwo. Kwarin Tarka a kan wannan gaɓa yake. Ruwan sama kaɗan ne, kuma ba shi da alkawari. Dattawa sun ji labarin yunwar Kakalaba daga bakin iyayensu. Da yawa daga masu sauraro sun ga yunwar 1973 da ta 1984 da idonsu, ƙanana kuma sun ga ta 2005.

Mutanen da suka rayu a irin wannan ƙasa, in da za su ƙagi tsiro, wane iri za su ƙaga? Ba mai ƙyalli ba. Za su ce a ba su wanda ba ya bushewa da rani. Wanda akuya ba ta cinye shi. Wanda ke nuna daidai lokacin da rumbu ya koma kango.

Wannan tsiro akwai shi. Sunansa anza.

Mu tsaya a kanta sosai, domin ita ce zuciyar sharhin nan. Anza ba doguwa ba ce, kurmi ce mai rassa da yawa, sau da yawa ba ta fi tsayin mutum ba. Tana son fako da gefen suri, inda wasu tsirran ba sa iya zama. Ganyenta kauri gare shi, kore shar ko da bazara ta ƙone komai. Dabbobi ba su damu da shi ba sai in sun rasa abin ci. Ƴaƴanta ƙanana ne, kewayayyu, a tattare a reshe. Suna nuna su yi rawaya wajen ƙarshen bazara zuwa faɗuwar damina. Wato lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba, ga aikin gona yana neman ƙarfi. Yara kan fasa nunannun su tsotse zaƙin da ke ciki. Amma abincin gaske yana cikin ƙwayar.

Ga kuma sharaɗin. Ƙwayar nan ɗaci gare ta, ɗacin da ba ya haɗiyuwa. Wanda ya ci ba a gyara ba zai ji a jikinsa. Sai mace ta je daji ta tsinko, rana tana dukanta. Ta shanya. Ta zuba a turmi ta surfa, ɓawo ya fita, ta sheƙe. Sai ta jiƙa a tukunya. Gobe ta tsiyaye ruwan, ta zuba sabo. Jibi ma haka. Kwanaki ana yi, tana ɗanɗanawa da harshe, har ɗacin ya tafi. Wasu kan sa ruwan toka don abin ya yi sauri. Daga nan ne za a dafa, a sa gishiri da yaji da ɗan mai in akwai. Ko a sake shanyawa a niƙa, a gauraya da ɗan garin hatsin da ya rage. A wurare da yawa dilo ake ce wa wannan ƙwaya.

Ku duba abin da anza ke karɓa kafin ta bayar. Ruwa take karɓa. A ina? A ƙasar da ake jan guga daga rijiya mai zurfin gaske, wani wuri sai da jaki ko raƙumi. A wane lokaci? A lokacin da ruwa ya fi kowane lokaci wuya. Kowace tukunyar da aka tsiyaye, guga ne da wata ta ɗauko a ka. Anza tana ceton rai, amma ba kyauta take yi ba. Tana neman haƙuri, da sani, da gumin mata.

Ba a nan aikinta ya tsaya ba. Ana sa ganyenta a rumbu don kore ƙwari. Masu bincike a Senegal sun gwada, suka tarar ganyen da ƴaƴan suna fitar da wani tururi mai kashe ƙwaron wake. Ana kuma motsa ruwan tafki mai laka da ɓawonta ko reshenta, lakar ta kwanta. A Darfur ta ƙasar Sudan, inda ake kiranta mukhet, ita ce ta riƙe ɗimbin jama'a a yunwar 1984 zuwa 1985.

Abin da ke da ciwo shi ne yadda aka mayar da ita abin kunya. A 2005 ƴan jaridar waje sun ɗauki hotunan mata suna jiƙa anza, aka nuna wa duniya a matsayin alamar halaka. Wahala kam an sha ta, ba mai musu. Amma ba a nuna ilimin da ke cikin tukunyar nan ba. Har yau akwai gidan da in baƙo ya shigo ake rufe ƙwaryar dilo, kada a ce sun rasa. Wannan bai dace ba. Matar da ta san yadda ake raba ƙwaya da ɗacinta gwana ce, ya kamata a girmama ta.

Akwai waɗanda suka gane haka. A ƙarshen shekarun 1980 wata ƙungiya mai suna Eden ta kafa tashar gwaji a Dalli, kusa da Tanut, tana ba manoma irin itatuwan daji masu ba da abinci su shuka a gonakinsu, ba tare da ban ruwa ba. Daga 2014 kuma, masana'antar Sahara Sahel Foods a birnin Damagaram tana sayen anza daga hannun matan karkara, tana sarrafa ta, tana sayarwa a cikin leda mai tambari. Abin da ake ɓoye wa baƙo a ƙauye, ga shi a kan kanta a birni.

Sauran ƴan'uwan anza, bari mu bi ta kansu da sauri.

Gawo ya saɓa wa duk itatuwa. Da damina, lokacin da kowa ke yin ganye, shi zubar da nasa yake. Da rani, lokacin da yawancinsu suka bushe, shi ke yin kore. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar taki ne, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne a watannin wuya. In marubuci ne ya ƙago wannan, da an ce ya cika zuƙi. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya yi doka mai tsanani, wanda ya sare gawo a bakin ransa. A zamaninmu kuma manoman Magarya da Matamai da Mirya sun cika gonakinsu da gawo ta hanyar sassaben zamani, wato barin toho ya girma maimakon a sare shi.

Aduwa tana ba da ɗa a tsotsa, ƙwaya a matse mai, dubagira a yi kwaɗo, itace a sassaƙa allon da yaro zai fara karatu a kansa. Ita kuwa ƙarangiya, matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya ratsa Damargu a farkon 1851, ya koka da ƙayarta a littafinsa. Kowa ya san yadda take manne wa zane da ƙafa. Amma a shekarar wuya, ita ake tarawa a sussuke, a fitar da ƴar ƙwayar da ke cikin ƙayar, a yi gari.

Yanzu mu juya ga marubutanmu, musamman matasa. Allah ya albarkaci wannan zamani da masu rubuta labaran yaƙi da na aljanu da Hausa. Ana karanta su a waya, ana sauraronsu a rediyo, direbobi na sa su a mota. Abin farin ciki ne. Sai dai akwai wani abu da ke yawan faruwa. Gimbiya ta kwanta ciwo. Boka ya ce sai an samo wani ganye a wani daji, a bayan birnin Sin ko Misra. Jarumi ya tafi, ya kashe dodanni, ya tsinko ganyen, aka shafa mata, ta tashi. Ganyen nan ba shi da suna. Ba a san ko na damina ne ko na rani ba. Ba a san ƙasar da yake so ba, ba a san illarsa ba, ba a san wanda ya gaji saninsa ba. Shi ya sa ana rufe littafin ake mantawa da shi.

Aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja da aka buga a 1934, ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Turawa a Magana Jari Ce. Amma bai bar su yadda ya same su ba, sai da suka zama na ƙasar Hausa, da fadarta da kasuwarta da mutanenta. Abin da ake nema ke nan.

Bari mu gwada tare, mu ga yadda abin zai kasance. Wannan da za ku ji ƙage ne, babu shi a duniya.

A ce wata ɗaliba a Balbeji tana rubuta labarin wata ƙasa mai ƙishirwa. Ta san guna, wadda bisashe ke ci a daji ta rage musu ƙishi. Ta kuma san ƙwayar wasu itatuwa ta fi saurin tsira in ta bi ta cikin dabba. Sai ta ƙagi wata shuka mai yaɗo, ta sa mata suna ƴar-burtali. Ɗanta guda yana riƙe ruwan da zai shayar da gida mako ɗaya, kuma ruwan ba ya lalacewa har wata damina. Amma ta sa mata sharaɗi biyu. Irinta ba ya tsira sai ya bi ta cikin raƙumi. Kuma ba ya kama ƙasa sai wadda hauya ta taɓa. Ta ƙara da illa. Wanda ya yi gaggawa ya sha ɗanye, ƙishirwarsa ninkuwa take yi. Masu gane nunanne kuwa tsofaffin mata ne kaɗan, da ƙwanƙwasawa suke ji.

To, kun ga labari ya taso da kansa. Makiyayi zai ce raƙuminsa ne ya kawo iri. Manomi zai ce a gonarsa ta fito. In suka yi faɗa aka toshe burtali, shekara mai zuwa babu ko ɗaya, kowa ya sha ƙishirwa. Sarki zai so ya tara a rumbunsa. Attajiri zai so ya saye tun tana ɗanya. Tsohuwar da ta san sautin nunanne tana gab da mutuwa, jikokinta kuma sun tafi birni. Ba a kawo dodo ko ɗaya ba, amma mai sauraro a Tarka ba zai tashi daga gaban rediyo ba. Domin ya san wannan rigima, ya san wannan tsohuwa. Daga guna, da anza, da burtalin da ke bayan garinsu aka gina shukar.

Mun ce tsiron ƙage daga tsiron gaske yake fitowa. Ga abin da hakan ke nufi a aikace. Kafin marubuci ya ƙagi nasa, ya san na ƙasarsu. Ya san inda yake fita, da watan da yake nuna. Ya san mai tsinkarsa, da wahalar da take sha. Ya san abin da yake warkarwa, da abin da yake ɓatawa. Wannan sani ba a intanet yake ba. Yana wurin makiyayin da ya san ciyawar da ke sa nono da wadda ke kumbura ciki. Yana wurin ungozoma da wanzami da mai sassaƙa turmi. Kuma yana raguwa, domin duk tsohon da aka binne, an binne shi da sunayen tsirrai da yawa.

Saboda haka, jama'a masu sauraro, ga roƙonmu gare ku. Iya, in za ki jiƙa anza bana, kira jikanyarki ta zauna kusa. Ki bar ta ta tsiyaye ruwan da hannunta, ta ɗanɗana da harshenta. Baba, in za ka gona ko kiwo da yaro, gaya masa sunan kowane itace da kuka wuce, da abin da ake yi da shi. Malaman makaranta a Tanut da Balbeji, ku sa ɗalibai su kawo ganye daga gida, kowa ya faɗi abin da kakarsa ta ce a kansa, sannan ku ce su ƙagi nasu su rubuta. Ku kuma samari da ƴan mata masu rubutu a waya, kafin ku aika jaruminku birnin Sin, ku ɗauki littafi da alƙalami ku je wurin matar da ke sayar da dilo a kasuwa, ku gaishe ta da ladabi, ku tambaye ta yadda ake yi. In kun rubuta, ku karanta wa mutanen gida su fara ji.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana bisashe, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.